Arthur Ashe: Gwarzon Wimbledon na shekarar 1975

Tun da aka fara gasar wasan tennis ta Wimbledon a birnin Landan a shekarar 1877, baƙar fata guda ɗaya tak ne ya taɓa ɗaukar kofin 'yan wasa ɗai-ɗai a ɓangaren maza. Shi ne Arthur Ashe, ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi wannan bajinta a ranar 5 ga watan Yulin 1975, ana saura kwana biyar ya cika shekaru 32 a duniya.

A shekarar 2025 aka cika shekaru 50 da wannan nasara, amma masana wasan ba su daina kafa misali da ita ba. Dalili kuwa shi ne Ashe ya doke matashin da ya fi shi ƙarfi da sauri ne ta hanyar dabara da kamun kai, halayen da ya koya tun yana yaro a garin da aka hana shi shiga filayen wasa saboda launin fatarsa. Waɗannan halaye ne kuma ya dogara da su a fafutukar da ya yi da wariyar launin fata, da ranar da sojoji suka tsare shi da bindiga a Legas, da kuma jinyar da ta zama ajalinsa.

Tasowarsa a zamanin wariya

An haifi Arthur Robert Ashe ne a ranar 10 ga watan Yulin 1943 a birnin Richmond na jihar Virginia. Wannan birni shi ne hedikwatar jihohin kudancin Amurka da suka ɓalle a lokacin yaƙin basasar ƙasar domin kare cinikin bayi da bautar da su. A lokacin ƙuruciyar Ashe doka ta raba baƙi da farare a makarantu da motocin haya da wuraren shaƙatawa.

Mahaifiyarsa Mattie ta rasu a shekarar 1950 sakamakon matsalar juna biyu, lokacin yana da shekaru shida. Mahaifinsa ne ya ci gaba da riƙonsa tare da ƙanensa Johnnie. Uban mutum ne mai tsananin horo, kuma shi ne mai kula da Brook Field, filin wasanni mafi girma da aka ware wa baƙaƙen fata a birnin. Gidansu yana cikin harabar filin, ga kuma dandalin tennis a ƙofar gida, don haka yaron ya fara riƙe raket yana ɗan shekara bakwai.

Wani ɗalibin jami'a mai suna Ronald Charity ne ya fara lura da baiwarsa. Shi ya haɗa shi da Dokta Robert Walter Johnson, wani likita baƙar fata da ke horar da yara a gidansa a garin Lynchburg. Wannan likita ne ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta lashe kofin Wimbledon na mata a shekarun 1957 da 1958.

Dokta Johnson yana da ƙa'idoji masu tsauri. Ya hana yaransa yin gardama da alƙalin wasa ko nuna fushi, ya kuma umarce su da su bar wa abokin karawa duk ƙwallon da aka yi shakkar ko ya faɗa ciki ko waje. Ya san cewa masu shirya gasa farare suna neman ɗan dalilin da za su kori yaro baƙi. Daga nan Ashe ya samo fuskar nan tasa da ba ta nuna murna ko ɓacin rai, wadda aka san shi da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Da yake ba a yarda ya kara da yara farare a Richmond ba, sai ya koma birnin St. Louis a 1960 ya kammala sakandare a can. Daga nan ya sami gurbin karatu kyauta a Jami'ar California da ke Los Angeles, inda ya karanta harkokin kasuwanci. A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin tawagar Amurka a gasar cin kofin Davis, wadda ƙasashe ke karawa da juna, sannan a 1965 ya zama zakaran jami'o'in ƙasar.

Soja mai lashe kofi

Bayan ya kammala digiri a 1966, Ashe ya shiga aikin soja, aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta West Point yana mai muƙamin laftana. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Vietnam. Ƙanensa Johnnie, wanda ya riga ya yi zango ɗaya a fagen daga, ya nemi a sake tura shi domin kada a aika da yayansa.

Shekarar 1968 ce aka fara barin ƙwararrun 'yan wasa masu karɓar kuɗi su shiga manyan gasa tare da masu yi don sha'awa. A wannan shekara Ashe ya lashe gasar US Open ta farko, inda ya doke Tom Okker na ƙasar Holan. To sai dai da yake bai shiga sahun ƙwararru ba tukuna, ladan dala 14,000 ya tafi ga wanda ya kayar, shi kuwa ya tashi da kuɗin guzuri na dala 20 a kowace rana. A 1970 ya ƙara da kofin Ostireliya.

Duka waɗannan gasa biyu a kan ciyawa ake buga su a wancan zamani. Daga baya Amurka ta bar ciyawa a 1975, Ostireliya ta bi sahu a 1988, ya rage Wimbledon kaɗai a cikin manyan gasa huɗu na duniya. Wasan ciyawa ya dace da salon Ashe, domin ƙwallo yana zamewa da sauri ba ya tashi sama sosai, shi kuma mutum ne mai zafin bugu da saurin kai hari gaban raga. Duk da haka kofin Wimbledon ya gagare shi shekara da shekaru. Ya kai wasan kusa da na ƙarshe a 1968 da 1969, ana fitar da shi.

Alaƙarsa da nahiyar Afirka

A 1969 Ashe ya nemi bizar shiga Afirka ta Kudu domin ya yi wasa, gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi. Ta sake hana shi a shekarar da ta biyo baya. Wannan mataki ya jawo wa ƙasar kakkausar suka, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da ita daga gasar kofin Davis a 1970.

A wannan shekarar ce ya yi rangadin wasu ƙasashen Afirka tare da abokin wasansa Stan Smith, ciki har da Nijeriya da Ghana da Kenya, suna koyar da matasa. A wani rangadin a 1971 ya ga wani yaro ɗan shekara 11 a birnin Yawunde na ƙasar Kamaru yana wasa da gwaninta, ya ba hukumar tennis ta Faransa shawarar ta ɗauke shi. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya lashe gasar Faransa a 1983.

Sai a 1973 Afirka ta Kudu ta ba shi biza. Ya gindaya sharaɗin kada a raba 'yan kallo bisa launin fata a wasanninsa, ya kuma ziyarci unguwar Soweto. Ya kai wasan ƙarshe a Johannesburg, inda wani matashi ɗan ƙasarsu mai suna Jimmy Connors ya doke shi.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan ziyara ba. Wasu 'yan gwagwarmaya baƙaƙe sun zarge shi da wanke gwamnatin wariya a idon duniya, kamar yadda wasu a Amurka suke ganin sanyinsa ya yi yawa. Shi kuwa a lokacin yana ganin ganin baƙar fata mai 'yanci yana kayar da farare darasi ne ga yaran Soweto. Daga baya ya sauya ra'ayi ya goyi bayan ƙaurace wa ƙasar baki ɗaya.

Wimbledon ta 1975

Ashe ya isa Landan a 1975 yana na shida a jerin waɗanda ake sa ran za su taɓuka. Da yawa suna ganin ƙarfinsa ya fara ja da baya, ko da yake a watan Mayun shekarar ya doke Bjorn Borg na ƙasar Suwidin a wata babbar gasa a birnin Dallas. A Wimbledon ma ya sake fitar da Borg a zagayen 'yan takwas, sannan ya sha da ƙyar a hannun Tony Roche na Ostireliya a wasan kusa da na ƙarshe, wanda sai da aka yi turmi biyar cur.

Wanda ke jiransa a wasan ƙarshe shi ne Jimmy Connors, ɗan shekara 22, mai riƙe da kofin, kuma na ɗaya a duniya. A 1974 Connors ya lashe uku daga cikin manyan gasa huɗu. A wannan karon ya iso wasan ƙarshe ba tare da an ci shi ko turmi ɗaya ba, kuma Ashe bai taɓa yin galaba a kansa ba. Akasarin masu sharhi ba sa tambayar wanda zai yi nasara, tsawon lokacin da wasan zai ɗauka kawai suke lissafi.

Bayan haka akwai jiƙaƙƙiya tsakanin mutanen biyu. Ashe ne shugaban ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta ATP, wadda mambobinta 81 suka ƙaurace wa Wimbledon a 1973 saboda dakatar da ɗaya daga cikinsu. Connors ya ƙi shiga ƙungiyar, har ma ya kai shugabanninta kotu. Gab da fara gasar ya sake shigar da ƙarar Ashe kansa bisa zargin ɓata suna, saboda Ashe ya soki ƙin buga wa ƙasarsa wasa da ya yi a kofin Davis. A ranar wasan Ashe ya fito sanye da rigar tawagar Amurka, ɗauke da sunan ƙasar a ƙirji.

A daren jajibirin wasan, Ashe ya zauna da wasu aminansa, ciki har da Donald Dell da Charlie Pasarell, ya kuma tuntuɓi tsohon ɗan wasa Dennis Ralston. Sun lura cewa Connors yana cin moriyar ƙarfin abokin karawarsa ne, duk ƙwallon da aka narka masa da ƙarfi sai ya mayar da shi da ƙarfin da ya fi haka. Haka ya yi wa Roscoe Tanner, mai zafin bugu, a wasan kusa da na ƙarshe. Suka yanke shawarar a hana shi abin da yake so.

Abin da wannan shawara take nufi shi ne Ashe ya ajiye salon da ya yi shekaru fiye da 20 yana wasa da shi, a rana mafi muhimmanci a rayuwarsa. Ya riƙa aika ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, yana murɗa shi yadda zai zame a kan ciyawa, musamman ta hannun hagun Connors, wanda bahago ne kuma ba ya jin daɗin ɗago ƙwallon da ya yi ƙasa ta wannan ɓangare. Idan zai fara bugu sai ya karkata ƙwallon can gefe ya fitar da Connors daga fili. Idan Connors ya matso gaban raga sai ya ɗaga masa ƙwallon ta saman kai.

A wasan maza na Wimbledon, wanda ya fara cin turmi uku cikin biyar shi ne ya yi nasara. Kafin 'yan kallo su ankara Ashe ya cinye turmi biyu na farko da ci 6-1 da 6-1. A lokacin hutun sauya gefe, yakan zauna shiru ya rufe ido kamar ba ya wurin, yayin da Connors ke ta faman huci.

Connors ya farfaɗo ya ci turmi na uku da 7-5, ya kuma yi gaba da ci 3-0 a na huɗu. A nan ne dabarar ta fuskanci jarrabawa, domin ɗan wasan da ya ga nasara tana kuɓuce masa yakan koma ga abin da ya saba. Ashe bai koma ba. Ya ci gaba da bugunsa na sanyi, ya cinye wasa shida daga cikin bakwai da suka rage, ya kammala da 6-4. Murnar da ya nuna ba ta wuce ɗaga dunƙulallen hannu sau ɗaya ba. Ya karɓi kofi da ladan fam 10,000, kuma ba da jimawa ba Connors ya janye ƙararsa.

Ranar da sojoji suka shiga fili a Legas

Watanni bakwai bayan haka, a Fabrairun 1976, zakaran na Wimbledon ya zo Legas tare da wasu ƙwararrun 'yan wasa domin wata gasa ta ƙasa da ƙasa da aka shirya a filin Lagos Lawn Tennis Club. Ana cikin gasar ne, a ranar Juma'a 13 ga watan, wasu sojoji ƙarƙashin Laftana Kanar Buka Suka Dimka suka kashe shugaban ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammed a kan hanyarsa ta zuwa ofis. Yunƙurin juyin mulkin bai yi nasara ba, aka kai gawar Janar Murtala Kano aka yi mata sutura, Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi.

An rufe iyakoki da filin jirgin sama, baƙin suka maƙale a Legas, cikinsu har da shahararren ɗan ƙwallon ƙafa na Brazil, Pele, wanda ya zo wata ziyara ta daban. Jama'a na cikin juyayi da fushi, ana kuma zargin hannun ƙasashen yamma a kisan.

Duk da haka aka ci gaba da gasar. A ranar Litinin 16 ga watan, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sai wasu sojoji suka kutso cikin fili suna faɗa a kan yadda za a riƙa wasa alhali ƙasa tana makoki. Ɗaya daga cikinsu ya dafa wa Ashe bakin bindiga a baya ya tasa ƙeyarsa waje, shi kuma ya ɗaga hannuwansa sama ya fita ba tare da gardama ba. 'Yan kallo suka watse a guje. An fitar da 'yan wasan daga ƙasar jim kaɗan bayan haka, kuma sai a birnin Caracas na Venezuela aka ƙarasa gasar ta Legas, inda Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

Shekaru bakwai bayan wannan lamari, a 1983, ɗan Nijeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, bayan ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina tun a zagayen farko.

Ciwon zuciya da ƙarin jini

A 1977 Ashe ya auri Jeanne Moutoussamy, mai sana'ar ɗaukar hoto. A watan Yulin 1979, yana da shekaru 36, ya gamu da bugun zuciya, aka yi masa tiyata a ƙarshen shekarar, ya kuma yi ritaya daga wasa a 1980. Daga 1981 zuwa 1985 ya jagoranci tawagar Amurka a kofin Davis, suka lashe kofin a 1981 da 1982. Babban tauraronsa shi ne John McEnroe, mai yawan faɗa da alƙalai, wanda halinsa ya yi hannun riga da nasa.

A wannan tsakanin ne ya ƙara ƙaimi a fafutuka. Tare da mawaƙi Harry Belafonte ya jagoranci gangamin masu fasaha da 'yan wasa na ƙaurace wa Afirka ta Kudu, kuma a Janairun 1985 aka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin ƙasar a Washington. Ya kuma shafe shekaru yana binciken tarihin 'yan wasa baƙaƙen fata na Amurka, wanda ya fito a littafi mai juzu'i uku a 1988.

A 1983 an sake yi masa tiyatar zuciya, aka yi masa ƙarin jini. A lokacin ba a fara gwajin ƙwayar cutar HIV a jinin da ake ba marasa lafiya a Amurka ba, sai a 1985. A 1988 hannunsa na dama ya shanye, binciken likitoci ya gano yana ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma suka danganta ta da wancan ƙarin jini.

Ya ɓoye lamarin fiye da shekaru uku, musamman domin kare 'yarsa ƙarama daga tsangwama, a zamanin da ake gudun masu wannan cuta. A watan Afrilun 1992 ya sami labarin jaridar USA Today tana bin diddigin maganar, sai ya riga ta, ya kira taron manema labarai ya bayyana da bakinsa. Lamarin ya haifar da muhawara a tsakanin 'yan jarida kan iyakar da ke tsakanin haƙƙin jama'a na sanin labari da sirrin mara lafiya.

Watanni goma da suka rage masa ya yi su ne cikin aiki. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, aka sake kama shi a ƙofar fadar White House a watan Satumba yana adawa da yadda ake mayar da 'yan gudun hijirar Haiti, sannan a ranar 1 ga Disamba ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman a ƙara kuɗin bincike. Ya sha bayyana cewa nauyin zama baƙar fata a Amurka ya fi masa nauyin cutar da ke jikinsa, maganar da ta ba mutane da yawa mamaki daga bakin mutumin da ba a saba jin kokensa ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Arthur Ashe ya rasu a ranar 6 ga watan Fabrairun 1993 a birnin New York sakamakon ciwon huhu, yana da shekaru 49. An ajiye gawarsa a fadar gwamnan Virginia, Douglas Wilder, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a Amurka, inda dubban mutane suka yi masa ban kwana. An binne shi a Richmond kusa da kabarin mahaifiyarsa.

A 1996 aka kafa mutum-mutuminsa a kan titin Monument Avenue, bayan doguwar taƙaddama, domin titi ne da aka keɓe wa jagororin kudu na yaƙin basasa. An zana shi riƙe da littattafai a hannu ɗaya da raket a ɗayan, littattafan sun fi ɗagawa sama. A tsakanin 2020 da 2021 aka kawar da gumakan waɗancan jagorori, nasa ne ya saura. A 1997 kuma aka buɗe babban filin gasar US Open da sunansa, wanda ke ɗaukar 'yan kallo fiye da 23,000.

A ɓangaren mata, 'yan'uwan nan biyu Venus da Serena Williams sun bi sawun Althea Gibson, inda suka ɗauki kofin Wimbledon sau 12 a tsakaninsu. A ɓangaren maza kuwa, tun bayan Ashe baƙar fata ɗaya ne ya sake kaiwa wasan ƙarshe, wato MaliVai Washington na Amurka a 1996, wanda ya sha kaye a hannun Richard Krajicek na ƙasar Holan.